Amsar Tambaya: Windows, Linux ko macOS?

Zaɓen babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ya danganta ne da aikin mai ita da ƙarfin aljihunsa. Windows ta fi yaɗuwa, masu gyaranta kuma suna ko'ina. Mai shagon buga takardu da ke aiki da CorelDRAW ba shi da dalilin barinta. Sai dai Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan Linux Mint ta fi dacewa da su: kyauta ce, ba ta da nauyi, amma ba a girka Microsoft Office a kanta, sai a koma LibreOffice. Ita kuwa macOS sai a kwamfutar Apple, ga tsada.