Manoman albasa, a lissafa da hunturu kafin a yafa iri

A ƙasashen Turai da Amurka, mai shuka albasar ganye yana jiran ranar da sanyi mai daskarar da raɓa zai ɗauke, domin yana ƙona ƙananan tsiro. Mu a Unguwar Ya babu wannan fargabar. Sanyinmu na hunturu shi ne ma abin da albasa ke nema, kuma a aikina na malamin gona tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, yawancin asarar da nake gani daga saɓa wa lokacinsa take zuwa.

Lissafin daga baya ake faro shi. Disamba da Janairu ne sanyi ke kankama, dare kan sauka ƙasa da digiri 15, a nan ne albasa ke zuba lawashi. Iri kuwa yana buƙatar mako 6 zuwa 8 a wurin reno kafin dashe. Ke nan wanda ya yafa a farkon Oktoba, da ruwa ya ɗauke, zai yi dashe daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, shukarsa ta shiga sanyi da ƙafar dama.

Mai gaggawa da ya yafa ana tsakiyar ruwan Satumba a fangali marar tudu, ko ruwa ya kwashe irin, ko tsiron ya ruɓe daga gindi ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi. In dole ne a fara da wuri don a riski kasuwa, a ɗaga gadon renon, a yi masa rumfar ciyawa. A kuma kula kada dashen ya wuce kaurin fensir, domin in ya girma da yawa sannan sanyi ya same shi, karan fure yake fitarwa.

Amma mai jinkiri ya fi ba ni tausayi. Ya tsaya sai ya gama girbin dawa da wake, ya yi dashe a Janairu, zafin Maris ya tarar da albasar ba ta yi ganye ba. A lokacin ne wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganyen albasa ke yawaita. Buɗe tsakanin ganye biyu daga gindi, za ka gan su suna gudu, ganyen ya yi fari-fari, bakinsa ya bushe. Ga kuɗin man injin ban ruwa ya ƙaru, ga lawashin ba mai ɗauka a kasuwar Sara, balle a kai shi 'Yankaba a Kano.

Masu noma don lawashi kawai, ku raba yafin kashi-kashi, mako biyu tsakani, tun daga Oktoba, don kada ya zo muku lokaci ɗaya. Abin da ya yi saura a daka a yi gabu.

Irin albasa ba ya jure ajiya, in ya haura shekara tsirowarsa na raguwa sosai. Don Allah, kafin Oktoba ta kama, ku ɗibi ƙwaya 20 ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. In bayan kwana 10 waɗanda suka tsiro ba su kai 15 ba, ku nemi sabon iri.