Yadda Ake Ciyar Da Yaron Da Jikinsa Ba Ya Karɓar Gyaɗa

Ɗan ƙanwata bai cika shekara biyu ba ranar da aka fara ba shi kunun gyaɗa a gidansu da ke Garu, cikin ƙasar Illela. Bai shanye rabin ludayi ba leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar an tsula masa tsumagiya, sai amai. Kakarsa ta ce borin jini ne, zai wuce. Ya kuwa lafa kafin la'asar. Bayan wata guda ya tsinci guntun ƙuli-ƙuli a kan tabarma, wannan karon har numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar, muryarsa ta dushe. A kan babur aka kai shi asibiti, uwar na rungume da shi tana salati. Tun daga ranar muka shiga koyon abin da zan zayyana nan, domin a ƙasarmu hana yaro gyaɗa kusan daidai yake da hana shi rabin abincin gari.

Abu na farko shi ne a tabbatar. A rubuta abin da yaron ya ci, da lokacin da ya ci, da abin da ya fito masa. Alamun wannan larura, wadda ma'aikatan asibiti ke kira alaji, sukan bayyana cikin 'yan mintoci, da wuya su wuce awa biyu. A kai wa likita wannan bayani a Babban Asibitin Illela, idan ya ga da buƙata zai tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada a ce bari a ɗan lasa masa a gida a gani. Garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, kuma ɗan abin da bai kai ƙwaya ɗaya ba ya isa ya tayar da ita. Dafuwa ko suya ba sa kashe wannan furotin. Sauƙin da aka gani jiya kuma ba ya nuna yadda gobe za ta kasance.

Daga nan sai a koma madafa, a nan ne aikin yake. Gyaɗar da ido ke gani ba ta cika yin ɓarna ba, kowa zai kawar da ita. Wadda ta ɓuya ita ce abin tsoro, kuma babbar maɓoyarta mai. Man ƙuli da mata ke matsewa a gida, mai ƙamshin nan da muke so, cike yake da furotin ɗin gyaɗa. Man da kamfani ya tace sosai akasari ba ya ɗauke da shi, amma wanda ake aunawa a kwalba a kasuwa wa zai rantse a kan asalinsa? Mu kowane farin mai man gyaɗa muke ce masa, ko da na waken suya ne, mai shago ma sau da yawa bai san bambancin ba. Saboda haka ƙanwata ta tsaya ga uku: manja, man shanu, da farin mai na jarka rufaffiya wanda aka rubuta abin da aka yi shi da shi. Ya fi tsada, ban musa ba, amma tukunyar gidan gaba ɗaya ta koma kansa, don raba tukunya biyu kullum shi ke jawo kuskure.

Bayan mai sai yaji. Yawancin yajin sayarwa da garin ƙuli ake ƙara masa auki. A daka na gida: barkono, citta, kanumfari, masoro, gishiri. Turmin da za a daka shi kuwa kada ya zama wanda ake kirɓa gyaɗa a ciki, domin itace na shan maiƙo. Haka injin markaɗe. Wadda ta riga ki a layi wataƙila gyaɗar kunu ta kawo, ke kuma gasarar kokon yaronki za ta bi bayanta. Ko dai a yi yarjejeniya da mai injin ya wanke shi sosai a fara da naki da sassafe, ko a niƙa na yaron a gida. Ludayi, muciya da kwano, ruwa da sabulu sun wadatar, haka ma hannun wanda ya ci gyaɗa. Goge hannu da zane ba ya fitar da ita.

To, me zai ci? Da yawa, alhamdu lillahi. Tuwon gero da na dawa da miyar kuka ko kuɓewa, hura da nono, koko, kunun tsamiya, shinkafa da wake, ƙwai, kifi, dafaffen nama, dankali, kabewa. Miyar taushe ma tana yiwuwa ba tare da gyaɗa ba, kabewar kanta za ta kama ta. Aya ba 'yar'uwar gyaɗa ba ce, saiwa ce, sai dai dakuwar sayarwa wani lokaci akan haɗa ta da gyaɗa. Wake da gujiya da waken suya dangin gyaɗa ne, duk da haka mafi yawan irin waɗannan yara suna cin su lafiya, don haka wanda ya saba ci kada a hana shi. Riɗi da ƙwallon yazawa kuwa kowanne na iya tayar da nasa borin, idan bai taɓa ci ba a nemi shawarar likita tukuna.

Ran Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, ƙamshin suya ke tarbar mutum tun daga bakin hanya, yaro kuwa ba ya ganin tsire ya kau da kai. Tsire da kilishi babu zancensu, da ƙuli da tunkuza ake yi musu riga. Balangu ma, ko an ce kada a barbaɗa yaji, wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya ne. Kwaɗon zogale da na rama, gurasa bandashe, ɗanwake, duk a bar su sai na gida. Wajen mai ƙosai ko masa ko awara, na lura tambayar “akwai gyaɗa?” ba ta da amfani, da zuciya ɗaya za ta ce babu. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce, “Inna, don Allah da wane mai kika yi tuya?” Idan ta ce na ƙuli ne, ko ta ce haɗawa take, a yi mata godiya a wuce.

Zaman bakin iyaka ya ƙara mana wani aiki. Biskit da cakulan da alewar da ke shigowa ta Birnin Ƙonni da Faransanci ake rubuta bayansu. A haddace kalmomin nan: arachide da cacahuète, duka gyaɗa ke nan, fruits à coque kuma dangin yazawa. A kayan Najeriya a nemi groundnut ko peanut. Inda aka rubuta may contain ko peut contenir kafin ɗayan waɗannan, a ajiye. Wanda ba shi da rubutu ko kaɗan, irin wanda ake ƙullawa a farar leda, shi ma a ajiye. Uwar da ba ta yi boko ba, a rubuta mata kalmomin a takarda ta riƙa gwadawa da na jikin leda.

Akwai wani wuri da nake so a kula ƙwarai. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, irin su Plumpy'Nut, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake yin sa. Garin kunun Tom Brown da ake koya wa iyaye mata shi ma gero ne da waken suya da gyaɗa. Dukansu sun ceci yara ba adadi, amma ga wannan yaron haɗari ne. A faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin ta miƙo, a kuma roƙi a rubuta a katinsa.

Sai mutane, wanda ya fi komai wuya. Kunya ke sa uwa ta yi shiru idan surukarta ta miƙa wa jika ƙuli, shi ya sa uban ne ya kamata ya yi maganar. Mijin ƙanwata ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, likita ya ce abin nan na iya toshe masa maƙogwaro. Ki taimake mu da ido.” Tun daga nan ita ce mai gadinsa. A sanar da maƙwabta, da malamin Islamiyya, da yayyen da ke goyonsa. Ranar suna ko biki a tafi masa da nasa a kwanonsa, kada ya sa hannu a tire ɗaya da sauran yara. Da ya fara magana a koya masa ya ce, “Ba na cin gyaɗa, sai na tambayi Innata.”

Duk da haka wata rana za a yi kuskure, sai a zauna da shiri. Idan ƙaiƙayi ne da ruɗu-ruɗu kawai, maganin borin jini irin su Piriton na taimakawa, gwargwadon yadda likita ya tsara, ana kuma sa masa ido. Idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiki ya saki, Piriton ba zai yi komai ba. Allurar adrenalin a cinya ita ce magani, kuma mintoci ake ƙirgawa. Kada a ɗura masa manja ko nono ko jiƙo. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ne ya tsananta a bar shi zaune, kada a sa shi tafiya da ƙafarsa. Tun lafiya lau a bincika wace cibiyar lafiya mafi kusa ke ajiye adrenalin, a kuma riƙe lambar mai babur ko mota biyu. Ko ya warware a hanya a ƙarasa asibiti, domin abin kan dawo bayan wasu awoyi.

Kusan ɗaya cikin biyar na waɗannan yara kan rabu da larurar idan sun girma, amma likita ne zai gwada, a asibiti. Ƙannensa kuma kada tsoro ya sa a hana su gyaɗa haka kawai. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna fara ba jariri gyaɗa da wuri na rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Da ƙanwata ta sake haihuwa, jaririyar na cika wata shida ta je ta shawarci likita, sannan aka fara lasa mata kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa a ɗakin kakarta, da cokalinta daban, a wanke mata baki da hannu da sabulu kafin a mayar da ita wurin yayanta.