Ciwon Hanta Nau'in E da Kiwon Aladu: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Daga cikin cututtukan da ke kama hantar ɗan Adam akwai guda biyar waɗanda likitoci suka bambanta da haruffa, watau A, B, C, D da E. Jama'a sun fi jin labarin B da C. Shi kuwa E yana da wata halayya ta daban: ƙwayarsa tana zaune a jikin waɗansu dabbobi, musamman aladu, daga can kuma takan tsallako zuwa ga mutane. An shirya wannan bayani ne domin masu kiwon aladu, da mahauta, da masu dafa abinci, har da wanda bai taɓa cin naman alade ba amma yana shan ruwa ko cin kayan lambu a yankin da ake kiwonsu.

Yadda aka gano cutar

A ƙarshen 1955 annobar shawara ta ɓarke a birnin Delhi na ƙasar Indiya bayan da ƙazanta ta gurɓata ruwan sha, ta kama mutum wajen 29,000. Sai bayan shekaru aka tabbatar cewa nau'in E ne ya haddasa ta. Wani masani ɗan Tarayyar Sobiyat, Mikhail Balayan, shi ne ya fara ganin ƙwayar, ya kuma bayyana ta a 1983. Don ya tabbatar da zatonsa, sai ya haɗiye ruwan da aka tace daga bayan gidan sojojin da suka kamu a Afganistan, ya kwanta ciwo, aka ga ƙwayar a nasa bayan gidan. A 1997 kuma masu bincike a Amurka suka sami 'yar uwarta a jikin aladun gona. Tun daga nan aka gane cewa cutar tana da maɓoya a cikin dabbobi.

Ire-iren ƙwayar

Iri huɗu ne suka fi damun mutane. Na 1 da na 2 mutane kaɗai suke kamawa, kuma ta gurɓataccen ruwa suke yaɗuwa. Irin wannan annoba ta ruwa ce aka yi fama da ita a Darfur a 2004, da Diffa ta Jamhuriyar Nijar da Ngala ta Jihar Borno a 2017. Na 3 da na 4 kuwa su ne ake samu a aladun gida, da aladun daji, da barewa, kuma su ne ke tsallakowa zuwa ga mutum. A 2014 masu bincike suka ba da rahoton samun iri na 3 a jikin aladu a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon, idan aka haɗa ire-irensa duka, ya kashe mutum kimanin 44,000 a 2015.

Zaman ƙwayar a jikin alade

Babban hatsarin shi ne aladen da ya kamu ba ya nuna alamar ciwo. Yana cin abincinsa, yana ƙiba, yana kai-komo kamar kowane. Yawanci 'ya'yan aladu sukan kamu ne suna da wata biyu zuwa huɗu, lokacin da kariyar da suka samu daga nonon uwa ta ƙare. Ƙwayar takan hayayyafa a hanta, ta bi ta matsarmama zuwa hanji, ta fita cikin kashi na makonni, sauran aladun garke su ɗauka ta baki. Akasarinsu sukan rabu da ita kafin su isa yanka, amma waɗansu akan yanka su tana nan a hantarsu ko a jininsu. Saboda haka dubawar ido ta mai saye, ko ta ma'aikacin duba nama, ba ta isa ta nuna wace hanta ce mai ƙwayar ba.

Hanyoyin da take bi zuwa ga mutum

Hanya ta farko ita ce cin hanta ko naman da bai dahu ba. A Faransa an tabbatar da kamuwar mutane ta cin wani nama na tsibirin Kosika, wanda ake haɗawa da ɗanyar hantar alade a ɗura cikin hanji. A Japan, a 2003, waɗansu mutane suka kamu bayan sun ci ɗanyen naman barewa. A 2015 kuma gwamnatin ƙasar ta hana sayar da ɗanyen naman alade da hantarsa don a ci haka nan. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa an sami fiye da mutum 21,000 da suka kamu cikin shekara goma, ta kuma nuna cewa abinci ne babbar hanyar kamuwa a can.

Hanya ta biyu ita ce aiki da dabbobin. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu kiwo, da mahauta, da likitocin dabbobi sun fi sauran jama'a ɗauke da alamar sun taɓa kamuwa.

Hanya ta uku ita ce ruwa da taki. Idan ruwan sama ya wanke kashin aladu zuwa rafi ko rijiya, ko aka zuba ɗanyen takinsu a lambun latas da tumatir, ƙwayar tana iya isa ga wanda ko kusa da garke bai je ba. Don haka ƙin cin naman alade, ko da yake ya toshe hanya ɗaya, bai toshe sauran ba. Har ila yau an ba da rahoton wani majinyaci a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wanda ya kamu da wani iri na ƙwayar da ake samu a raƙuma, kuma ya saba cin namansu da shan nononsu.

Alamomi da waɗanda suka fi shiga hatsari

Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki mako biyu zuwa goma. Mutane da yawa ba sa jin komai. Waɗanda ciwon ya bayyana gare su sukan yi zazzaɓi, da kasala, da tashin zuciya, da rashin cin abinci, fitsari ya yi duhu, idanu su yi rawaya. Akasari akan warke cikin 'yan makonni. Amma ga mai tsohon ciwon hanta, ko mai yawan shan giya, hantar tana iya gazawa. Ga wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, iri na 3 yana iya zama a jiki ya lalata hanta sannu a hankali. Mata masu juna biyu kuwa, a annobar ruwa, mutuwa takan kai ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda suka kamu a watannin ƙarshe na ciki.

Hanyoyin tsare kai

1. A dafa nama da hanta sosai. Gwaji ya nuna cewa sai tsakiyar naman ya kai zafin digiri 71 na minti 20 ƙwayar ke mutuwa. Kada a dogara da gishiri, ko hayaƙi, ko shanya, ko sanyin firji.

2. A ware wuƙa da katakon yankan ɗanyen nama, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

3. Masu kiwo da mahauta su sa safar hannu da takalmin roba, kada su ci abinci a wurin aiki.

4. A killace aladu, a gina garke nesa da rijiya da rafi, kuma a ɓangaren gangare. A tara kashinsu a rami ya ruɓe sosai kafin a kai gona.

5. A tafasa ruwan da ba a amince da shi ba, a wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta.

6. Wanda ya ga alamar shawara ya tafi asibiti ba da ɓata lokaci ba, ya gaya wa likita irin sana'arsa. Ya guji giya da shan magani barkatai, har da na ciwon kai, domin waɗansunsu kan ƙara wahalar da hanta.

Akwai allurar rigakafi ta mutane wadda ƙasar Sin ta amince da ita a 2011, aka kuma yi amfani da ita wajen yaƙar annoba a Bentiu ta Sudan ta Kudu a 2022, amma ƙasashe ƙalilan ne suke da ita. Ta aladu kuwa babu ita a kasuwa. Saboda haka dogaronmu yana kan tsabtar garke, da tsare ruwan sha, da dafa nama sosai. Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin makiyaya, da sarakunan fawa, da ma'aikatan duba-gari su isar da wannan bayani ga waɗanda ke ƙarƙashinsu.