Yadda ake haɗa kuɗin kaka a Kano Pillars

Tun ƙwallo ba ta taɓa ciyawar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, akwai waɗanda suka riga suka zauna da biro da takarda. Aikin farko shi ne kasafi. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar Firimiya ta Najeriya, kowace za ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Wasannin waje 19 ɗin nan su ne masu cin kuɗi: man mota zuwa Aba da Inugu da Fatakwal, masauki, abinci, magani. A kan wannan a ɗora albashin 'yan wasa da masu horarwa, da ladan nasara da ake ba su in an ci wasa.

In an gama lissafi, sai a kai wa mai gida. Gwamnatin jihar Kano ce ta mallaki Pillars, wadda aka kafa a 1990, kuma daga baitulmalinta mafi yawan kuɗin ke fitowa. Haka abin yake ga akasarin ƙungiyoyin gasar.

Daga nan sai a dubi rabon da ke zuwa daga hukumar gasa. A 2023 kowace ƙungiya ta karɓi naira miliyan 10 na fara kaka, Enyimba da ta ɗauki kofin shekarar ta samu miliyan 100. Ana tara kuɗin nan ne daga masu tallafi da masu nuna wasa a talabijin, irin su StarTimes da ta ƙulla yarjejeniya da gasar a shekarar.  Sai dai wannan rabon ba ya sauke nauyin kaka.

Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga ƙofa. Abin da Pillars ke da shi wanda da wuya wata ƙungiya ta samu shi ne jama'a. Ranar wasa, tun bayan azahar matasa ke kwararowa daga Yakasai da Zango da Fagge, kowa bakinsa "Sai Masu Gida". A buga tikiti mai lamba, a raba wa masu sayarwa da ƙidaya, a tsayar da mutum a kowace mashiga yana yagewa. Bayan an tashi, a kwatanta guntayen tikitin da kuɗin da ke hannu. Daga ciki a sallami masu tsaron fili da motar asibiti da masu shara, saura a kai banki. Duk wanda ya shige albarkacin sanayya, ko ya haura katanga, daga ladan ɗan wasa ya yaga. Rikici kuwa ya fi haka ɓarna. A Oktoban 2025, bayan hatsaniyar wasa da Shooting Stars, an ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9.5, aka cire mata maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Kowace irin wannan rana kuɗin ƙofa ya tafi, ga kuɗin mota a kai.

Akwai kuma cinikin 'yan wasa, wanda ke buƙatar haƙuri da takardu. Yaron da kwantiraginsa ya ƙare kyauta yake tafiya, don haka a ɗaure masu hazaƙa da shekara biyu ko uku tun da wuri. Ƙa'idar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ahmed Musa ya bar Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, a 2016 kuma Leicester ta saye shi kan kusan fam miliyan 16. Irin wannan haƙƙi sai ƙungiyar da ta adana rajistar ɗan wasanta, da ranar shigarsa da ta fitarsa, take iya nema.

Da kaka ta ƙare, sai a biya bashin masauki da na albashi in akwai, a miƙa littafi ga masu binciken kuɗi, a ware waɗanda kwantiraginsu ya cika, sannan a buɗe sabon shafi don kasafin baɗi.