Tiyatar Tsagewar Ganɗa: Yadda Hanyoyin Gyaran Suka Bambanta

Kimanin jariri 1 cikin 700 ake haifa da tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato rufin baki. Idan ganɗa ce ta tsage, nono kan fito wa jariri ta hanci, in ya girma kuma maganarsa ta riƙa fita ta hanci. Galibi ana yin aikin ne yaro yana da wata 9 zuwa 12, kafin ya fara magana sosai.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta likitan Jamus Bernhard von Langenbeck, ta 1861. Ana tsaga gefe biyu na ganɗar, a jawo naman zuwa tsakiya a ɗinke. Tana da sauƙi, sai dai ba ta ƙara wa ganɗa tsawo, kuma gajeriyar ganɗa ba ta toshe hanyar hanci lokacin magana.

Don magance wannan ne Wardill da Kilner na Ingila suka zo da dabarar tura naman baya a 1937. Tsawo ya samu, amma ana barin ƙashi a buɗe ta gaba, tabon da ke biyo baya kuma kan tauye girman muƙamuƙin sama. Shi ya sa likitoci da yawa suka ja baya da ita.

Yau muhawarar ta fi zafi tsakanin hanyoyi biyu. Leonard Furlow na Amurka, a 1986, ya bayyana yanka mai siffar harafin Z, ɗaya ta ɓangaren baki, ɗaya ta ɓangaren hanci, suna fuskantar juna. Wannan na ƙara tsawo, yana kuma juya tsokar ta kwanta daidai. Matsalarta tsaga mai faɗi: ɗinkin kan ɗaure da yawa, har wata 'yar ƙofa ta sake buɗewa. Brian Sommerlad na Landan kuwa ya ɗauko madubin tiyata mai ƙara girman abu, yana ware tsokar a hankali ya mayar da ita mazauninta. Aiki ne mai son haƙuri da na'ura mai tsada.

Nan fasaha ta shigo. Ƙungiyar Smile Train, wadda ke ɗaukar nauyin irin wannan tiyata kyauta har a Najeriya, ta haɗa kai da kamfanin BioDigital suka samar da manhajar 3D a intanet, inda likita zai juya hoton baki ya bi aikin mataki-mataki. Akwai kuma bakin roba da ɗalibai ke gwada yanka da ɗinki a kai kafin su taɓa jariri.