Darasin Turanci: Ba da Shawara, Karɓarta da Ƙin Ta Cikin Ladabi

Darasinmu na wannan fitowa a kan shawara yake: yadda za ka kawo ta da Turanci, yadda za ka karɓa, da yadda za ka ƙi ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba.

Kada ka ce ina ruwan ɗan Isa ko ɗan Sabon Birni da wannan. Tun 1973 da aka kafa shirin bautar ƙasa, matasan Kudu ke zuwa aiki yankin Sakkwato, da yawansu ba su jin Hausa. Za ka gamu da irinsu a makaranta da asibiti da banki. Ko a Nijar da muke iyaka da ita, a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, aka bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

Na ɗaya: kawo shawara

Ga hanyoyi huɗu, ka haddace su:

1. "Let's read together." Mu yi karatu tare.
2. "Shall we go now?" Mu tafi yanzu?
3. "Why don't we wait?" Me zai hana mu jira?
4. "How about going tomorrow?" Ya ka gani mu je gobe?

Lura da kyau. Kalmar "let's" ta riga ta ƙunshi "us" a cikinta, don haka kuskure ne ka ce "let's us go". Bayan "how about" kuma, aikatau yana ɗaukar "ing" a ƙarshe: "how about going", ba "how about to go" ba. Sannan in an ce maka "why don't we wait", ba dalili ake tambayarka ba, shawara ake ba ka, kamar dai yadda mu ma muke cewa "me zai hana".

Na biyu: karɓa

Wannan ba wuya. Ka ce "Good idea", wato shawara ta yi kyau, ko "Yes, let's do that", wato e, mu yi hakan. In babba ne, ka ƙara da "Thank you, sir", in mace ce "Thank you, madam".

Na uku: ƙi

Nan ne gizo ke saƙa. Mu Hausawa muna jin nauyin ce wa mutum a'a ido da ido. Sai mu ce "to", ko "sai mu gani", ko "ba komai", ɗan'uwanka kuma ya gane daga muryarka cewa ba za ka zo ba. Amma baƙo ba shi da wannan kunnen. In ka ce masa "okay" ko "no problem", shi a wurinsa ka amsa ke nan. Zai tsaya jiranka, in bai gan ka ba ya ɗauke ka marar cika alkawari, alhali kai kunya ka ji. Alkawari kuwa kaya ne.

Wasu yara kuma, don gudun wannan, sai su ce "No" tsurarta su yi shiru. Ita ma tana da kaushi, kamar ka rufe wa mutum ƙofa a fuska. Mafita ita ce ka bi matakai uku: ka gode ko ka ba da haƙuri, ka faɗi dalili, ka kawo wata shawara a madadinta.

Ga misali. Wani malami baƙo yana son ɗalibinsa ya raka shi Sakkwato daga Sabon Birni ta hanyar Goronyo, ga shi la'asar ta yi.

Malam: "How about leaving this evening?" Ya ka gani mu tashi da yamman nan?

Ɗalibi: "I'm sorry, sir, I can't. The road is not safe at night. Why don't we leave in the morning?" Ka yi haƙuri, Malam, ba zan iya ba. Hanya ba ta da kyau da dare. Me zai hana mu tashi da safe?

Malam: "Good idea. Let's do that." Shawara ta yi kyau, mu yi hakan.

Kun gani? Da yaron nan ya ce "okay" don kunya, ko dai ya saɓa alkawari, ko su bi hanya cikin dare su biyu. Kowa a yankin nan ya san abin da tafiyar dare ke iya jawowa. Da jimla uku ya tsare girman malaminsa, ya kuma tsare lafiyarsu.

Ga wasu kalmomin ƙi guda biyu. "I'd rather not", wato na fi son kada in yi. Sai "I'm afraid I can't". A nan "afraid" ba tsoro take nufi ba, tausasa magana ce kawai, kamar ka ce "wallahi ka yi haƙuri, ba zan samu dama ba".

'Yan mata, wannan darasi naku ne musamman. In wanda ba ku yarda da shi ba ya ce ku bi shi wani wuri, ba sai kun kawo dalili ko madadi ba. "No, thank you" ta isa, ku wuce abinku, ku gaya wa iyaye.

Aikin gida

Ka rubuta amsar Turanci ga kowace ɗaya, da matakan nan uku:

1. Abokinka ya ce ku je ƙwallo, ga shi an kira sallar magariba.
2. Malama ta ce ki zo ƙarin darasi ran Asabar, ke kuwa kina da Islamiyya.
3. Baƙo ya ce ku je kasuwar Shinkafi, Baba kuwa ya aike ka gona.

Iyaye, ko ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya karanta amsarsa da ƙarfi, sannan ya fassara muku. In kun ji haƙuri da dalili da madadi a ciki, to ya iya. A kawo wa malamin aji kafin fitowa ta gaba. Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin.