Filin Shawara: Jinina ya hau, an ce ƙarancin tawakkali ne

Gwaggo, ni Bafillatana ce, shekarata 33, ina da ciki wata shida. Mun baro rugarmu a ƙasar Zurmi bayan an kore mana shanu, yanzu muna raɓe a ɗaki guda a Ƙaura Namoda, maigida yana dako a kasuwa. Ko babur ya wuce da dare sai gabana ya yanke ya faɗi, barci ya ƙaurace mini har asuba. Na je awo aka ce jinina ya hau. Uwar mijina ta ce ƙarancin tawakkali ne, maƙwabciyata ta ce ciwon masu kuɗi ne, ina ni ina shi. Ba na son komawa asibiti, don a kan layi na ji wata na cewa "ga danginsu nan", wai dangin masu kai hari. Yaya zan yi?
Mai juna biyu, Ƙaura Namoda

Ɗiyata, sannu, Allah Ya raba lafiya. Ki koma awo cikin makon nan, kada ki jira na gaba. Hawan jini ga mai ciki yana iya kai ta ga jijjiga. Idan kika ji matsanancin ciwon kai, ko ganinki ya dishe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko da tsakar dare ne a nufi asibiti da ke.

Imaninki lafiya lau yake. Allah Ya halicci jiki da shirin ko-ta-kwana: da an ji ƙarar bindiga sai wasu ƙananan gaɓɓai da ke saman ƙoda su zuba sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke, suga ya ƙaru don mutum ya samu ƙarfin gudu. An yi shirin ne don ɗan lokaci, hatsari ya wuce jiki ya lafa. Naki bai samu lafawa ba. Tsoron dare, kuɗin haya, abin da za a ɗora a murhu, ga kallon da ake miki a layi. Kamar injin niƙa ne da aka bari yana aiki dare da rana ba kashewa.

Maƙwabciyarki kuwa ta juya zancen. Tun 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati a Landan, aka gano cewa masinjoji da masu tsaron ƙofa sun fi manyan jami'ai mutuwa da ciwon zuciya. Wanda ba shi da ta cewa a kan rayuwarsa shi ciwon ya fi ci. A Amurka, baƙar mace ta ninka farar mace kusan sau uku wajen mutuwa a dalilin haihuwa, kuma digiri da albashi ba su share wannan tazarar ba. A 1992 wata mai bincike, Arline Geronimus, ta bayyana cewa raini da wariyar yau da gobe suna tsofar da jiki tun shekaru ba su kai ba. Ba launin fata ne ke kawo ciwon ba, abin da ake yi wa mai launin ne. Maganar matar nan ta kan layin asibiti ta ƙona mini rai. Waɗanda suka kore shanunku su ne suka hana ta noma gonarta, ku biyun kuma layi ɗaya kuka biyo neman magani ɗaya.

Ki samu wata dattijuwa a unguwa ta riƙa raka ki. Maganin da aka rubuta miki ki sha kullum, ko kin ji garau, kada ki karɓi na wata ko ki saya a kemis da ka, don wasu magungunan hawan jini suna cutar da ɗan ciki. A rage gishiri da dunƙule a miya, kunun kanwa kuma ki ɗaga masa ƙafa. Ki faɗa wa maigida abin da ke hana ki barci, shi ma da wuya in yana yi. Addu'a ki riƙe ta, ki haɗa da magani.

*

Gwaggo, tun da aka kai hari kusa da mu nonon matata ya ja baya, yaronmu ɗan wata takwas yana ramewa. Mahaifiyata ta ce a yaye shi.
Magidanci, Shinkafi

Ɗana, kada a yaye shi. Firgici yakan hana nono saukowa, amma ba ya ƙafar da shi, yawan tsotso ne ke dawo da shi. Ka roƙi Inna ta ɗauke mata wani aikin gida, ka ga ta ci ta ƙoshi kafin kai. Yaron a ƙara masa kunu mai ƙuli-ƙuli ko waken suya. Ba ku kaɗai ba ne: a gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Zamfara suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024, kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Ka kai shi babban asibitin Shinkafi gobe a auna damtsensa, kada ka jira ƙafafunsa su kumbura.